Kura Da Shan Bugu: Nazarin Fim ɗin "The Man Who Shot Liberty Valance"

Mahaifina yana cikin samarin da suka riski zamanin gidajen silima marasa rufi, inda ake zama kan benci bayan isha'i a kalli fim ɗin kaboyi iska na kaɗawa. A bakinsa na fara jin sunan John Wayne. Yadda yake ba da labarin, fim ɗin kaboyi ba shi da wata wahala: ga jarumi, ga mugu, ga doki da ƙura, a ƙarshe mugu ya faɗi, gida ya ɗauka da tafi. Ni ban samu wannan zamani ba. Lokacin da na yi wayo gidajen kallon bidiyo sun karɓe kasuwa, finafinan Indiya da na Kano sun kori kaboyi. Sai bayan na gama makarantar koyon aikin jarida na fara aiki a rediyo sannan na nemi irin finafinan da yake faɗa, don in ga abin da ya ɗauke masa hankali. A cikinsu na ci karo da wanda ya hana ni sakat har yau, wato "The Man Who Shot Liberty Valance", ma'ana mutumin da ya harbe Liberty Valance.

Fim ɗin ya fito a Amurka a 1962. John Ford ne ya ba da umarninsa, kamfanin Paramount ya fitar da shi, an kuma gina shi a kan wani gajeren labari na marubuciya Dorothy M. Johnson. A lokacin Ford ya doshi shekara saba'in, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa gina hoton yammacin Amurka a idon duniya. Shi ya ɗaga John Wayne da fim ɗin "Stagecoach" a 1939. Shi ya sa duwatsun Monument Valley suka zama alamar kaboyi, ta yadda ko wanda bai san sunan wurin ba ya san siffarsa. To amma a wannan fim ya bar duwatsun, ya bar kala, ya koma baƙi da fari, ya ɗauki mafi yawan aikin a cikin ɗakunan kamfani. Yawancin abin da ke faruwa a kicin ne, ko mashaya, ko ofishin jarida, ko wani lungu mai duhu. Wanda ya zo neman tseren dawaki zai koma da takaici.

Ga yadda labarin yake. Jirgin ƙasa ya sauke wani babban sanata, Ransom Stoddard (James Stewart), da matarsa Hallie (Vera Miles) a wani ƙaramin gari mai suna Shinbone. Sun zo jana'izar wani Tom Doniphon. Ƴan jaridar garin ba su taɓa jin sunan ba. Gawar tana cikin akwatin katako irin wanda hukuma ke yi wa marasa gata, ko takalmi babu a ƙafarta, sai da sanatan ya ce a mayar masa da takalmansa. Editan jaridar garin, Maxwell Scott, ya nace sai an faɗa masa abin da ya kawo babban mutum jana'izar wanda ba kowa ba. Sanata ya zauna ya ba su labari, fim ya waiwaya baya.

Stoddard ya iso yankin yana saurayin lauya, da jakar littattafan shari'a. Tun a hanya ƴan fashi suka tare keken dokin da ya ɗauko shi. Shugabansu, Liberty Valance (Lee Marvin), ya yayyaga littattafan, ya zane shi da bulala mai kan azurfa, ya bar shi a yashe. Tom Doniphon (John Wayne) ne ya tsince shi ya kai shi gari. Shinbone tana da ɗan doka guda, Link Appleyard, matsoraci mai son ci, wanda ko sunan Valance aka ambata sai jikinsa ya ɗau rawa. Doniphon kaɗai Valance ke shakka. Shi kuma Doniphon shawara ɗaya ya ba lauyan: a nan kowa da bindigarsa yake warware matsalarsa. Stoddard ya ƙi. Ya kama wanke-wanke a gidan abinci don biyan kuɗin ci da kwana, ya rataya allon lauya a ofishin jarida, ya buɗe aji yana koyar da yara da manya karatu, har da Hallie, yarinyar da Doniphon ke gina ɗaki dominta.

A bayan duk wannan akwai rikicin ƙasa. Manyan attajirai masu garken shanu suna so yankin ya zauna a buɗe ba shinge ba hukuma, ƙananan manoma da ƴan gari kuma suna so ya zama jiha a cikin tarayyar Amurka don doka ta kare su. Valance ɗan barandan attajiran ne. Da aka kayar da shi a zaɓen wakilai, sai ya ƙalubalanci Stoddard su haɗu a titi da dare. Lauyan ya fito da ƙyallen wanke-wanke ɗaure a gabansa, riƙe da tsohuwar bindigar da bai iya ba. Valance ya yi ta wasa da shi, ya harbe shi a hannun dama. Stoddard ya ɗauki bindiga da hagu ya harba. Valance ya faɗi.

Daga wannan dare sunan Stoddard ya tashi. A kan wannan suna aka tura shi Washinton, ya yi gwamna, ya yi sanata, ya yi jakada a Ingila, har ana maganar mataimakin shugaban ƙasa. Sai dai shi ya san abin da jama'a ba su sani ba. A wurin babban taron yanki, lokacin da abokan hamayya suka ce hannunsa da jini, ya tashi zai janye, Doniphon ya tare shi ya faɗa masa gaskiya. Nan Ford ya sake nuna mana daren, amma daga cikin lungu. Doniphon na tsaye a duhu, yaronsa Pompey ya jefa masa doguwar bindiga, ya harba daidai lokacin da lauyan ya harba. Shi ya kashe Valance, daga ɓoye, kuma da bakinsa ya kira abin kisan gilla. Ya yi ne saboda Hallie, domin ya gane zuciyarta ta koma wajen lauya. A daren ya sha ya bugu, ya je ya cinna wa ɗakin da yake gina mata wuta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da sanata ya gama, edita Scott ya karɓi takardun da aka rubuta bayanin, ya yayyaga, ya jefa a murhu. Dalilinsa shi ne jimlar da aka fi tunawa da fim ɗin da ita, wadda ma'anarta ita ce: a wannan yanki, in almara ta zauna har ta zama gaskiya a wurin mutane, almarar ake bugawa.

A kan wannan jimla nake da magana. Na sha jin ana kawo ta kamar wata hikima ce da Ford ya bar wa ƴan jarida da marubuta, har wasu na kafa hujja da ita wajen gyara labari ya yi daɗi. A ganina wannan karatu ne na wanda ya ji jimlar bai kalli fim ɗin ba. Edita ya ƙone labarin, amma Ford bai ƙone ba. Sa'a biyu ya kwashe yana nuna mana abin da Scott ya ɓoye, ya kuma nuna harbin sau biyu don kada wani ya fita da shakka. Mai kallo yana barin wurin ya san abin da masu karanta jaridar Shinbone ba za su taɓa sani ba. Da Ford ya yarda da editan, da ya tsaya a harbin farko ya sa kiɗa.

Abin da ya ƙara tabbatar mini da haka shi ne akwai ƴan jarida biyu a fim ɗin, kuma an jera su ne don a gwada. Na farko shi ne Dutton Peabody (Edmond O'Brien), wanda ya kafa jaridar Shinbone Star. Mashayi ne, mai surutu, riga duk tawada, shi ne edita shi ne mai shara. Amma lokacin da Valance ya kashe wasu manoma, ya buga. Da aka kayar da shi a zaɓe, ya sa a kanun labari da manyan baƙaƙe, har yana tsaye cikin maye yana takaicin kuskuren rubutu da ya gani a kanun. A kan wannan Valance da yaransa suka farfasa masa ofis, suka yi masa dukan da aka ɗauka ya mutu. Na biyu shi ne Scott, mai tsabtar kaya, mai wayar tarho da ma'aikata, wanda ba mai barazana ga ransa. An kawo masa labari mafi girma a tarihin garinsa, daga bakin mai abin, ba wanda ya roƙe shi ya ɓoye, shi da kansa ya jefa a wuta. Jarida ɗaya ce. Lokacin da gaskiya ke jawo bulala an buga ta, lokacin da ba ta jawo komai sai ɓacin ran masu karatu an ƙone ta. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin labarai ya san ba kullum tsoro ke kashe labari ba. Sau da yawa kunya ce, da son zaman lafiya da manya, da gudun a ce kai ka ɓata abin da kowa ke alfahari da shi.

Shi ma Peabody bai fita fes ba. Da aka tsayar da shi wakili ya yi ta ihu cewa shi ɗan jarida ne, aikinsa sa ido kan ƴan siyasa, amma a ƙarshe ya karɓa, kuma shi ya tashi a babban taro ya yi wa Stoddard kirari. Daga ranar da mai alƙalami ya zama maroƙin ɗan takara, hanyar da za ta kai ga murhun Scott ta buɗe.

Adalci ne a saurari hujjar Scott, don ba wawa ba ne. Zai iya cewa: garin ya samu makarantu, ya samu jirgin ƙasa, ana maganar madatsar ruwa, kuma Stoddard ya yi aikin da aka tura shi. Doniphon ya mutu, ba ya neman komai, shi ne ma ya tura lauyan ya koma ya karɓi takara. Me tonon zai ƙara wa kowa? Kowace al'umma tana da labaran da take tsaye a kansu, in ka zare ɗaya ba ka san abin da zai rufto ba. Wannan hujja tana da nauyi, kuma fim ɗin bai raina ta ba. A jirgin komawa Hallie ta dubi gonaki ta taga ta ce wa mijinta wurin da yake daji ya zama lambu, ta tambaye shi ko ba ya alfahari.

Amma a duba abin da almarar ke koya wa mutanen Shinbone. Tana ce musu mutumin kirki mai littafi ya tsaya gaban azzalumi ya yi nasara da hannunsa. Gaskiyar kuwa ita ce doka ba ta iya kare kanta ba, sai da wani ya yi kisa daga duhu, kisan da ita dokar za ta kira laifi, sannan aka share sunansa don kujerar ta fito da tsabta. Al'ummar da ta san haka za ta riƙa duban hukumarta da ido biyu, ta san tushen ba mai tsarki ba ne, ta kula. Wadda ba ta sani ba za ta ɗauka duk mai mulki jarumi ne tun asali. Akwai kuma wani abin baƙin ciki: mutanen ba don iliminsa suka zaɓi Stoddard ba, ba don ajin da ya buɗe ba. Don sun ɗauka ya yi kisa suka zaɓe shi. Mutumin da ya zo ya kawar da mulkin bindiga, da sunan bindiga ya hau. Shi ya sa a ƙarshen fim, lokacin da ma'aikacin jirgi ya ce masa ba abin da ya fi ƙarfin wanda ya harbe Liberty Valance, sanatan ya hure ashanar da ya ƙyasta don kunna lofe, ya sunkuyar da kai. Ya faɗi gaskiya sau ɗaya a rayuwarsa, an ƙi karɓa. Matarsa kuma ta riga ta amsa masa cewa ita ta ɗora furen ƙayar daji a kan akwatin Doniphon. Muna cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan fim ya nuna ramin da bai ƙure ba, da yadda zama a cikinsa yake.

Akwai mutum na uku da ake yawan tsallakewa, Pompey, baƙar fata mai yi wa Doniphon aiki, wanda Woody Strode ya fito a matsayinsa. Shi ya jefa bindigar. Shi ya ciro Doniphon daga wuta. Shi kaɗai ne shaidar da ta rage a raye, yana zaune gefen akwatin gawa, amma ba ɗan jaridar da ya tambaye shi komai. A aji, an tashe shi ya karanto sanarwar ƴancin kan Amurka da ka, sai ya manta daidai wurin da ke cewa an halicci mutane duka daidai, Stoddard ya ce masa mutane da yawa suna manta wannan wurin. Ranar zaɓe yana zaune a waje, mata ma suna waje. Da ya shiga mashaya neman maigidansa, mai mashaya ya ce ba a ba irinsa abin sha. A 1962 aka nuna wannan, shekara uku kafin Amurka ta yi dokar 1965 da ta kare ƴancin baƙaƙe na jefa ƙuri'a. Ford ya ga matsalar, ya sa ta a gaban kyamara. Laifin da nake ba shi shi ne ya tsaya nan: Pompey bai taɓa samun buri nasa na kansa ba, biyayya kaɗai aka ba shi. Ƴan asalin ƙasar kuwa, waɗanda aka ƙwace filin daga hannunsu kafin a fara gardamar shinge, ba su fito ba sam, sai a cikin jawabin Peabody a matsayin abin da ya wuce. Fim ɗin da ya tona almara guda ya bar wadda ta fi ta girma a rufe.

Wani abin da ake kushe shi da shi shi ne shekarun ƴan wasan. Stewart da Wayne duk sun haura hamsin, amma aka ce mu ɗauke su samari. Gaskiya ne, akwai wuraren da abin ke fitowa fili, musamman in ana kiran Stewart saurayin lauya. Wasu masu sharhi na lokacin sun ɗauki fim ɗin aikin tsohon da ya gaji. Ni dai bayan kallo na biyu na daina jin haushin wannan. Tsoho ne ke ba da labari, kuma in tsoho na tuna ƙuruciyarsa, da fuskarsa ta yau yake ganin kansa. Duhun da ƙuncin ɗakunan ma sun dace da abin da ake tunawa da nadama. Abin da ban yafe ba shi ne barkwancin ɗan doka Appleyard da ya yi yawa, da tsawon taron siyasa na kusa da ƙarshe.

Game da gadon da ya bari, Ford ya taɓa taɓo wannan jigo a "Fort Apache" na 1948, inda hafsan da Wayne ya fito a matsayinsa ya bar ƴan jarida da kyakkyawan labarin kwamandan da ya kai sojojinsa ga halaka. A can ana iya cewa fim ɗin ya ɗan jingina da ɓoyewar. Bayan shekara goma sha huɗu ɗacin ya rinjaya. Finafinan kaboyi da suka biyo baya sun bi ta ƙofar da ya buɗe. Lee Van Cleef, wanda a nan ɗan koren Valance ne kawai, ya zama tauraro a finafinan Sergio Leone na Italiya daga 1965, Woody Strode ma ya fito a farkon "Once Upon a Time in the West" na 1968. "Unforgiven" na Clint Eastwood, 1992, yana da marubucin da ke bin ƴan bindiga yana ƙawata labarinsu har ya ga yadda kisa yake a zahiri. A 2007 Amurka ta sa fim ɗin Ford cikin jerin finafinan da take adanawa a matsayin kayan tarihi.

Mu ma a Nijar muna da namu martanin. A 1966 Moustapha Alassane ya yi "Le Retour d'un aventurier", inda wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka sa huluna suka hau dawaki suka addabi garinsu. Zalika Souley tana ciki. Ford ya nuna yadda ake ƙera almarar a gidanta, Alassane ya nuna abin da take yi in ta sauka a garin da ba nata ba, a kan samari irin su mahaifina. Shekara huɗu ce kawai tsakanin finafinan biyu, kuma zai yi kyau a riƙa kallonsu a jere.

Na ce fim ɗin ya hana ni sakat, ga dalili. Shekarun baya ina gabatar da wani shiri kan tarihin unguwanni. Wani tsohon ɗan dako ya zauna da ni ya ba ni labarin wata gobara da aka yi tun kafin a haife ni. Duk gari an san wanda ya shiga wutar ya fito da yara, an yi ta yabonsa, ya samu muƙami, ya rasu da mutuncinsa, ƴaƴansa na nan. Tsohon ya ce ba shi ba ne, abokin aikinsa ne ya shiga, shi wancan karɓar yaran kawai ya yi a bakin ƙofa, mutane suka gan su a hannunsa. Na naɗi maganar. Na koma ofis na ce wa kaina shaida ɗaya ce, ƙa'idar aiki ba ta yarda a watsa ba. Wannan gaskiya ne, kuma nan na bambanta da Scott, wanda mai abin da kansa ya yi masa iƙirari. Amma ƙa'idar ba ta ce in zauna ba, cewa ta yi in nemi shaida ta biyu. Ban nema ba. Na san gidajen da zan shiga, na san fuskokin da za su canza, sai na sa wani shiri a wannan makon.

Ban jefa komai a murhu ba. Muryar tsohon tana nan a wata ƴar ma'ajiya cikin durowata. Shi ya rasu bara. Akwai sauran tsofaffi biyu ko uku a unguwar da shekarunsu suka kai su tuna daren, kuma kowace damina ana raguwa. Na sake kallon fim ɗin kwanan baya, da aka zo wurin da Pompey ke zaune gefen akwati ƴan jarida na wuce shi, sai na tsayar na ɗauko littafina na rubuta sunayen tsofaffin. Ranar Asabar zan fara da wanda ya fi kusa.